Ƙarfen maganaɗisu a ƙwaƙwalwa da ɗigon da aka gani a hoton Hajiya: amsa ga 'yar'uwarmu ta Makka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne. Yadda na fahimci tambayarki, an yi wa mahaifiyarku hoton MRI saboda jiri da ciwon kai da take yawan yi, taƙarir, wato rahoton hoton, ya fito an rubuta akwai 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe na himosidarin, daktor yace muku ragowar ƙarfe ne, sai kuma ga wani bidiyo yana yawo a WhatsApp wai masana sun gano ƙarfen maganaɗisu a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wai shi ke kawo cutar mantuwa wai kuma shi yasa mutum ke jin alƙibla a jikinsa. Kin haɗa biyun hankalinki ya tashi har kin ajiye ƙwayar ƙarin jinin da aka baki a wurin awon ciki, kina tambaya ko ƙaho ko awarwaron maganaɗisu zai janye wa Hajiya nata. Karanta irin wannan hoton shine aikina a nan Jidda, dan haka ki yi haƙuri da tsawon amsar, abin yana son a warware shi a tsanake.

Ƙarfen maganaɗisun nan gaskiya ne akwai shi, ba ƙirƙira bace, amma ba shi aka gani a kan Hajiya ba, shi wancan ƙanƙantarsa ta wuce a gan shi a hoton asibiti. Abu daban-daban ne aka haɗa miki a suna ɗaya. Ƙwayarki kuma dan Allah ki koma kanta yau ɗin nan, zan zo kan dalili.

Kinga kowane baligi yana ɗauke da ƙarfe kamar giram 3 zuwa 4 a jikinsa, wajen kashi biyu cikin uku yana cikin jini shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina, saura yana ajiye a hanta da ɓargo da tsoka. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata rabon kuma bata iya aiki babu shi, da shi ake gina rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo, da shi ake haɗa dofamin wanda ke daidaita motsin jiki, da shi ƙwayoyin halitta ke samar da kuzari. Sai dai ƙarfe in aka bar shi a sake ɓarna yake, yana haɗuwa da wasu sinadarai ya haifar da abubuwan da ke cinye bangon ƙwayar halitta, shi yasa jiki ke kulle shi cikin wani furotin mai suna feritin, guda ɗaya yana iya riƙe ƙwayar zarrar ƙarfe har wajen 4,500. Tun 1958 wasu masana biyu a Suwidin, Hallgren da Sourander, suka auna ƙwaƙwalen mamata masu shekaru daban-daban suka nuna cewa ƙarfen nan yana ƙaruwa da shekaru, da sauri a ƙuruciya sannan a hankali, kuma ya fi taruwa a can ciki tsakiyar ƙwaƙwalwa wurin da ke kula da motsi. Wannan kowa na da shi, ni da ke da jaririn da ke cikinki. In muka ga tsakiyar ƙwaƙwalwar dattijo ta ɗan yi duhu a hoto ba ma ko ɗaga gira.

Na Hajiya kuma labarinsa daban. Kin san in mutum ya bugu jini ya taru ƙarƙashin fata, wurin ya yi ja, ya koma shuɗi-shuɗi, daga baya ya yi ruwan ƙasa kafin ya washe, to wannan launin na ƙarshe himosidarin ne ke bada shi, wato ƙarfen da ya rage bayan jiki ya cinye jinin da ya fita daga jijiya. Haka yake faruwa a kai. Wata 'yar ƙaramar jijiyar jini siririya sosai ta yi rauni ta ɗan tsatsafo jini kaɗan, masu share-sharen jiki suka zo suka cinye jinin, ƙarfen ya zauna a wurin, kuma a ƙwaƙwalwa yana iya zama shekaru masu yawa. Akwai wani salon ɗaukar hoto da muke ce wa SWI wanda aka tsara shi dan ya kama irin wannan, ƙarfen yana ɗan rikita maganaɗisun na'urar a daidai wurin sai ya fito baƙin ɗigo, kuma a hoto ya fi girmansa na gaskiya, dan haka kar ki kalli fim ɗin ki ce duk wannan baƙin jini ne. Yawanci milimita 2 zuwa 5 suke fitowa, ba sa wuce 10. Tsohon tabo ne, ba jini ne ke zuba yanzu ba.

Kuma ba baƙon abu bane ga masu shekaru. Wani babban bincike da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan, aka buga a 2008, ya ɗauki hoton dattawan gari waɗanda ba kwance suke a asibiti ba, aka samu irin ɗigon nan a kusan kashi 18 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa 69, da kusan kashi 38 na waɗanda suka haura 80. Sau da yawa ma jirin da ya kai mutum hoto ba daga ɗigon yake ba, daga kunne yake ko magani ko sukari, an dai je neman wani abu aka ci karo da su.

Amma fa bance a share ba. Ni a wurina ɗigon nan saƙo ne daga jijiyoyin jini cewa sun sha wuya, kuma abin da ya fi wahalar da su a cikin mutanenmu hawan jini ne wanda aka daɗe ba a riƙe shi da kyau ba. In kun koma mau'idi ga abin da nake so ki tambayi daktor da bakinki: guda nawa ne, kuma a ina suke. In suna can ciki ne tsakiyar ƙwaƙwalwa ko wajen gindinta, galibi hawan jini ne ya jawo. In kuma suna waje-waje ne kusa da ɓawon ƙwaƙwalwa kuma suna da yawa, ga mai shekaru ana tunanin wani furotin da ake kira amiloyid da ke kwanciya a bangon jijiya ya sa ta yi rauni, shi kulawarsa ta ɗan bambanta. Tsohon haɗarin mota ko faɗuwa da aka bugi kai ma yana barin irinsu, haka wani ƙullin jijiyoyi da ake haifar wasu da shi, wani lokacin ma ba jini bane sam, kalshiyam ne ya daskare yake kwaikwayonsa, hoton CT ke raba gardama. Likitan da hoton ke gabansa shi ke da ta cewa a nan. Sannan ki kwashe duk magungunan Hajiya a leda ki kai masa, har waɗanda take saya da kanta a saidaliyya, dan abu biyu. Na ɗaya in tana shan asfirin ko warfarin ko wani maganin tsinka jini dole ya sani ya auna amfani da haɗari, kuma kar ku kuskura ku tsayar da kanku, wanda aka ba shi saboda bugun zuciya ko tsohuwar shanyewar jiki tsayarwar tana iya zama ita ce musibar. Na biyu iyayenmu mata akwai son Brufen da Voltaren saboda ciwon gwiwa, kullum sai an sha, alhali suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda.

Wallahi abin da ke ci min rai kenan, sai ki ga gida guda an tashi hankali kan kalmar ƙarfe a takarda ana neman mai cire shi, ita kuwa ƙwayar hawan jinin tana cikin jaka sai ran da kai ya yi ciwo ake sha, da azumi a manta da ita gaba ɗaya, lokacin Hajji ana hidimar baƙi a ce ai babu lokaci. Hawan jini baya sallama, mutum na jin garau jininsa na sama. Ku sayi na'urar awo ta gida, a auna safe da dare tana zaune ta huta, a rubuta a littafi, ƙasa da 140 bisa 90 ake nema, likitoci da yawa ma 130 bisa 80 suke so ga irinta. Gishiri Hukumar Lafiya ta Duniya tace kar ya kai giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da magi da zaitun na gwangwani da cuku da yajin tsire duk a ciki ake lissafawa. In tana da sukari shima a riƙe shi. Ɗigon da ya riga ya fito ba a goge shi, aikin da ke gabanku shine kar wasu su ƙaru kuma kar babba ta fashe.

To yanzu shi na bidiyon. Sunansa magnatayit, irin dutsen ƙarfen nan ne baƙi da ke jan allura wanda mutanen zamanin da suka fara yin kamfas da shi, kuma labarin gano shi a jikin mai rai yana daga cikin abubuwan da har yau in na tuna sai na yi tasbihi. Da masana sun ɗauka sai a cikin duwatsu da zafi mai tsanani yake samuwa. A 1962 wani masani a Caltech ta Kalifoniya, Heinz Lowenstam, ya gano wata halittar teku mai kankarar gansakuka a jikin dutse haƙoranta da magnatayit aka yi musu baki, ita da kanta take ƙera shi. A 1975 Richard Blakemore yana ɗalibi ya lura da wasu ƙwayoyin bakteriya na taɓon bakin ruwa kullum gefe ɗaya suke nufa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ya kawo maganaɗisu kusa su juya, ashe a cikinsu akwai ƙwayoyin magnatayit a jere kamar an zura su a zare, suna bin maganaɗisun duniya da su dan su gangara ƙasa inda iskar ta yi musu daidai. Daga nan aka shiga nema a jikin ƙudan zuma da tantabara da kifi.

A 1992 Joseph Kirschvink, wanda ɗalibin Lowenstam ne, shi da Atsuko Kobayashi da Barbara Woodford suka buga sakamakon awon ƙwaƙwalen mutane. Sun yi aikin a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa suna kaffa-kaffa, dan ƙurar ƙarfe ɗaya daga waje ta isa ta ɓata awon, suka yi amfani da wata na'ura mai suna SQUID da ke jin maganaɗisu komai rauninsa. Suka samu aƙalla ƙwaya miliyan 5 a kowane giram na naman ƙwaƙwalwa, a fatar da ke lulluɓe ta kuma sama da miliyan 100 a giram, da yawansu da siffa mai kusurwa tsaf irin ta bakteriyan nan, alamar jiki ne ya ƙera. Wannan lambar ta miliyoyi ita masu bidiyo ke ɗauka su tsorata mutane, basa faɗa miki cewa kowace ƙwaya 'yan gomman nanomita ce, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, in aka tattara na kai guda kaf bisa wancan awon nauyinsa bai kai ƙwayar gishiri ɗaya ba. A 2018 Stuart Gilder da abokan aikinsa a Munik ta Jamus suka yanka ƙwaƙwale 7 gunduwa-gunduwa sama da 800 suka auna kowanne, suka ga tsarin rabonsa iri ɗaya ne a mutanen, ya fi yawa a ƙasa wajen ƙeya da gindin ƙwaƙwalwa fiye da sama. Tunda rabon nasa na da tsari, da wuya a ce shara ce kawai ta faɗa ciki. Amma aikin da yake yi a kan ɗan Adam har yau bincike bai tsaya a kan magana ɗaya ba.

Maganar jin alƙibla kuma a nan aka ƙara gishiri. Wajen 1980 wani malamin jami'ar Mancesta, Robin Baker, ya riƙa ɗaure wa ɗalibai ido ya zagaya da su a bas ya ce su nuna ina gida yake, yace suna dacewa fiye da a ce sa'a ce, amma da aka maimaita a Amurka abin bai fito ba. A 2019 Kirschvink ɗin dai da Connie Wang da Shinsuke Shimojo suka zaunar da mutum 34 ɗaya bayan ɗaya a wani ɗaki mai duhu da aka kange, suna juya maganaɗisu mai ƙarfi daidai da na duniya suna auna wutar ƙwaƙwalwa, a wasu daga cikinsu aka ga wani kaɗawar wuta da ake kira alfa yana sauka in an juya ta wata fuska, alamar ƙwaƙwalwa ta lura da wani abu. Su mutanen da kansu babu wanda ya ji komai. Aiki ne mai kyau kuma ina girmama shi, amma tsakaninsa da cewa mutum na jin alƙibla akwai tafiya mai nisa, shi maganaɗisun duniya ma arewa da kudu yake nunawa, kamfas ɗin wayarki arewa yake samowa sannan manhaja ta yi lissafi da inda kike tsaye ta fitar da alƙibla. Darajar Ka'aba daga Allah take, bata jiran shaidar maganaɗisu, kuma bana jin daɗin yadda ake jingina wa addini maganar da gobe yaro ɗan sakandare zai iya rushewa. Haka Wadi Jinn ta bayan Madina da ake kai alhazai a ce dutse ke jan mota, gangara ce ido ke ganinta kamar hawa, ruwa ma in an zuba can yake bi, maganaɗisu kuwa baya jan ruwa haka.

Inda ya kamata a tsaya a yi tunani a maganar magnatayit shine binciken Barbara Maher ta jami'ar Lankasta a Ingila, 2016. Sun duba naman gaban ƙwaƙwalwa na mutum 37 da suka rayu a birnin Meksiko da Mancesta, daga ɗan shekara 3 har mai 92, suka tarar da magnatayit iri biyu, mai kusurwar nan na jiki, da wani mulmulalle wanda sai ƙarfe ya narke da zafi ya huce a iska yake yin wannan siffar, irin wanda ake samu a hayaƙin inji da gogar burki da masana'antu, wasu ma haɗe da nikel da kobal da filatinam waɗanda ba kayan ƙwaƙwalwa bane. Mulmulallun sun ninka na jikin wajen sau 100. Hanyar da ake ganin sun bi ita ce hanci, duk abin da bai kai nanomita 200 ba yana iya bin jijiyar jin ƙanshi ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta shingen da ke tace jini kafin ya shiga ƙwaƙwalwa ba. Binciken bai ce su ke kawo cutar mantuwa ba, ya nuna dai suna shiga kuma irin ƙarfen ne mai iya ɓarna. An kuma san ana samun ƙarfe a tattare da dasƙararren furotin ɗin da ke kan masu cutar mantuwa ta Alzaima, amma ko shi ya fara ɓarnar ko ɓarnar ce ta tara shi, wannan ana kan tafka muhawara. Abin da ya fi ƙarfi shine kwamitin mujallar Lancet a 2020 ya saka gurɓatacciyar iska cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda ake iya ragewa, a jere ɗaya da hawan jini da sukari da taba da rashin motsa jiki da raunin ji.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, dan 'yan'uwanmu nawa ne direbobi da ke wuni a cunkoso, nawa ne ke walda da gyaran burki a warsha babu abin rufe hanci, nawa ne ke ratsa nafaƙ, wato hanyar mota ta cikin dutse, a ƙafa a Makka lokacin Hajji bas-bas na ta zuba hayaƙi. Direba in ya shiga cunkoso ko nafaƙ ya rufe gilas ya sa mukayyif, wato AC, ya riƙa juya iskar ciki, mai walda ya nemi takunkumi na gaske mai tace ƙura ba ƙyalle ba kuma ya yi aiki inda iska ke wucewa, kar a hura gawayi a ɗaki rufe, turaren wuta ma da muke so a turara a buɗe taga kar a bar jariri da tsohuwa cikin hayaƙin, shisha kuwa babu alherin da ke cikinta. Ko an ajiye maganar ƙwaƙwalwa gefe, huhu da zuciya sun isa dalili.

Batun janye ƙarfe. Awarwaron maganaɗisu kuɗinki kawai zai janye, ƙarfen da ke cikin jini da feritin da himosidarin ba irin na ƙusa bane da maganaɗisu ke fizga, tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka auna suka nuna jini mai ɗauke da iska ma ɗan ture maganaɗisu yake kaɗan, wanda ya sauke iskar kuma janshi rauni ne da shi ƙwarai. Hajiya ta kwanta cikin na'ura mai tesla 1.5 ko 3, ƙarfin da ya ninka na duniya sau 30,000 zuwa sama, ta fito ɗigon na nan inda yake, to ina ga ɗan abin hannu. Ƙaho sunna ce bana jayayya da wannan, amma jinin fata yake fitarwa baya kaiwa ga tabon da ke cikin kai, kuma in tana shan maganin tsinka jini ko jininta ya yi ƙasa sai an tambayi likita kafin a yi. Su kansu likitoci sun gwada rage ƙarfen ƙwaƙwalwa da magani na gaske. A cutar karkarwa ta Fakinsin an daɗe da sanin ƙarfe na taruwa a wurin da ke yin dofamin, sai aka yi babban gwaji a Turai ƙarƙashin David Devos na Lil ta Faransa da mutum 372 sabbin kamuwa, rabi aka basu defarifiron mai kama ƙarfe ya fitar, sakamakon ya fito a 2022, ƙarfen ya ragu a hoto kamar yadda ake so amma masu shan maganin jikinsu ya fi taɓarɓarewa. Ƙwaƙwalwar na buƙatar ƙarfen ne dan haɗa ɗan dofamin ɗin da ya rage mata. Duk wanda yazo miki da kwalba yace tana wanke ƙarfen ƙwaƙwalwa ki tuna da wannan gwajin.

Akwai dai cututtukan gado da ƙarfe ke taruwa a kai fiye da ƙima, ba su da yawa ko kaɗan kuma yawanci da ƙuruciya suke bayyana, yaro yana tafiya lafiya sai ya fara faɗuwa, jiki na murɗewa, magana na sarƙewa. Wadda aka fi sani daga ƙwayar gado mai suna PANK2 take, an gano ta a 2001, hotonta na da wata alama da muke kira idon damisa. Ɗaya daga dangin cututtukan nan ma a ƙasar nan aka fara bayyana ta a 1983, Woodhouse da Dakta Nadia Sakati a Riyad suka siffanta ta a wasu iyalan Saudiyya, zubewar gashi da rashin balaga da sukari da raunin ji sannan matsalar motsi. Yawancinsu sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar ake haifar mai ita, shi yasa ta fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa, kuma gwajin kafin aure da aka wajabta a nan tun 2004 sikila da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado) yake nema a ɓangaren gado, baya kama waɗannan. Dangin da suka ga yara biyu da irin alamun nan su nemi likitan gado. Hajiya da shekarunta da irin abin da aka rubuta mata bata cikin wannan layin.

Ke kuma 'yar'uwa, tsoron da ya kamata ki ji na ƙarancin ƙarfe ne ba yawansa ba. Mai ciki jininta ƙaruwa yake, jariri kuma a watannin ƙarshe yake ɗibar ƙarfen da zai riƙe shi watannin farko bayan haihuwa, daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa da gudu, kuma yaran da suka taso da ƙarancinsa ana ganin tasirin a koyo da natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid ta ce mai ciki ta sha kullum. Ƙwayar bata zama magnatayit a kai, bata kuma zama ɗigo irin na Hajiya, hanji na ɗaukar abin da jiki ke buƙata sannan ƙwaƙwalwa na da nata shingen da ke shigar da shi da awo. Ki sha da ruwa ko lemon zaƙi, ki raba ta da shayi da gahawa da madara kamar awa ɗaya zuwa biyu dan suna hana ta shiga jiki, mu kuwa a nan da an ɗauke faranti sai barradin shayi. In tana sa ki tashin zuciya ko taurin bayan gida ki faɗa wa daktora ta canza miki iri, kar ki ajiye shiru. A dai ɓoye kwalbar inda yara ba sa kaiwa dan in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa guba ce mai kisa. Masu sikila da ake yawan ƙara wa jini su lissafinsu daban ne, ƙarfe yawa yake musu a hanta da zuciya, basa shan ƙwayar ƙarfe sai likita ya ce.

In an sake rubuta wa Hajiya MRI nan gaba kar ku ji tsoro saboda ɗigon, baya zafi baya motsi. Ƙarfen waje muke tsoro, fil ɗin hijabi da na gashi, makulli, kujerar guragu, tukunyar oksijin, sannan ku faɗa tun a ƙofa in tana da batirin zuciya ko an taɓa yi mata aiki a kai ko kunne aka bar wani abu, a goge kwalli ma dan wani yana ɓata hoton wajen ido. Mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido shima dole ya faɗa kafin ya shiga.

Kuma kowa a gidan har yara manya su san wannan, in bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko mata farat ɗaya irin wanda bata taɓa ji ba, ba a jira gari ya waye ba a tsaya shafa mai, ba a bata asfirin ko abin sha, a kira Hilal Ahmar, masu motar asibiti, a 997 a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, dan allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yinta. Ku ɗauki hoton taƙarir ɗin nan a waya ku ajiye, da sunayen magungunanta, da an isa ɗawari, wato sashen gaggawa, ku nuna wa likitan farko da ya karɓe ta.